Ku Tambayi Gwaggo: Shin Nana Asma'u Mawaƙiya Ce?

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan mace ɗaya suka taru, wato Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Na zaɓi huɗu daga ciki. Ta farko ce ta fi tsaya mini a rai, don haka ita za ta ci mafi yawan filin.

Gwaggo, barka da aiki. Ni 'yar aji biyar ce a wata sakandare a Gusau. Tun ina aji biyu nake tsara waƙa, har na cika littafi biyu, akwai na yabon Manzon Allah, akwai na makaranta, akwai na biki. Kawuna ya ga littafin, ya ce waƙa ba aikin 'yar mutunci ba ne. Na ce masa ai Nana Asma'u ma ta yi waƙa. Ya ce ita malama ce, littattafai ta rubuta, kada in ƙara haɗa sunanta da mawaƙa. Don Allah wa ke da gaskiya? Kuma ki ba ni tarihinta.

'Yata, kawunki ya faɗi gaskiya da ya ce malama ce, kuma babbar malama. Inda ya kuskure shi ne zaton da ya yi cewa malanta ta hana ta waƙa. Ayyukanta da suka iso gare mu sun kai sittin ko kusa da haka, kuma in kika cire 'yan kaɗan na zube da ta yi da Larabci, sauran duk waƙoƙi ne, masu baiti da amsa-amo da kari, waɗanda aka tsara don a rera su da murya.

Bari in faɗa miki yadda na fara haɗuwa da ita, tun ban san sunanta ba. A shekarun 1960, ina ƙarama, a ɗakin kakata ta wajen uwa nake kwana. Tsohuwar nan ba ta taɓa riƙe alƙalami ba. In ta idar da sallar asuba takan jawo taskirar audugarta, ta dangwali alli da yatsa, ta murza mazari, tana kaɗi tana rera wata doguwar waƙa can ƙasa-ƙasa. Ni ina cikin mayafi, rabi barci rabi ido biyu, ba na kama komai sai kalmomi biyu da ke dawowa a ƙarshen kowane baiti: tabbat haƙiƙa. In mazarin ya tsaya don ta naɗe zare, muryar ma takan ɗan tsaya, in ya sake juyawa ta ɗora daga inda ta bari. Na taɓa tambayarta waƙar wa ce, ta ce ta mutanen da ce, a bakin uwar goyonta ta ɗauka. Sai da na shiga kwalejin horon malamai na ga waƙar a takarda, na ji cewa Shehu ne ya fara yin ta da Fulatanci, 'yarsa Asma'u ta mayar da ita Hausa a 1831, ƙaninta Isa ya yi mata tahamisi, wato ya ƙara wa kowane baiti ɗango uku. Ran nan na daɗe zaune da takardar a hannu. Fiye da shekara 130 waƙar na tafiya daga baki zuwa baki, har ta iso ɗakin tsohuwar da ba ta san ko harafi ɗaya ba, kuma ba ta zube a hanya ba.

Ga tarihin a taƙaice. An haife ta a Ɗegel a 1793. 'Yan biyu ne ita da ɗan'uwanta Hassan, kin kuwa san a al'ada Usaina za a kira ta, amma Shehu ya sa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah da mahaifinta abinci a kogo lokacin hijira. Mahaifiyarta Maimuna. Da Muhammadu Bello uba ɗaya suke, uwa kowa da tasa, ya kuma girme ta da shekara goma sha biyu. Tana da shekara goma sha ɗaya jama'ar Shehu suka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, a watan Fabrairu na 1804, saboda matsin Sarkin Gobir Yunfa. Daga nan sai yaƙi: Tafkin Kwatto, Tsuntsuwa inda mahaddata Alƙur'ani da yawa suka yi shahada, Alwasa, ga yunwa ga ciwo ga tafiyar ƙasa, har aka ci Alkalawa a 1808. A cikin wannan hali ta yi 'yanmatancinta, a ciki aka yi mata aure da Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello, wanda ya zama Wazirin Sakkwato. Duk da haka karatu bai tsaya ba. Ta haddace Alƙur'ani, ta ƙware a Larabci da Fulatanci da Hausa, tana kuma jin harshen Buzaye. Shehu ya rasu a 1817. A 1820, tana da shekara 27, ta rubuta Tanbihul Gafilina da Larabci. Ta rasu a 1864, kabarinta na nan a Hubbaren Shehu a Sakkwato.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe, tunda ke ma mai tsara waƙa ce. Asma'u ta san wa take yi wa waƙa. Bayan shekarun yaƙi, garuruwa da ƙauyukan kewayen Sakkwato da Wurno sun cika da mata waɗanda yaƙi ya ɗaiɗaita, zawarawa da marayu da waɗanda aka kamo, da yawansu da bori suka tashi, ba su iya karatu ba, kuma aikin gida ba zai bar su su zauna gaban malami ba. Littafi ba zai kai gare su ba. Abin da zai kai shi ne abin da mace za ta iya ɗauka a ka tana daka, tana kaɗi, tana goyo. Shi ya sa ta zaɓi waƙa.

Sai ta samar wa waƙar ƙafafu. Ta riƙa zaɓen dattijan mata masu hankali da riƙon amana daga ƙauyuka, tana naɗa kowacce jaji. Alamar naɗin ita ce malfa da jan rawani a kanta. Malfar nan kuwa da can Innar Gobir ce ke sa ta, shugabar 'yan bori, don haka duk macen ƙauye ta san abin da take nufi: ga shugabar mata. Asma'u ba ta jefar da alamar da mata suka saba girmamawa ba, ta ɗauke ta ta aza a kan mai koyar da alwala da salla. Ni a wurina wannan na cikin manyan hikimominta. Jaji kan tattaro 'yanmatan da ba su isa aure ba da matan da suka manyanta, waɗanda za su iya barin gida, su tako a ƙasa har Sakkwato, ɗauke da sadakar waɗanda ba su sami zuwa ba, hatsi da zuma da man shanu da ƙyalle, wadda ake rabar wa mabukata. Su zauna a gaban Asma'u su ɗauki waƙa, ta warware musu ma'anarta, su koma su koyar da matan aure a cikin gidajensu. Su ake kira 'Yan Taru. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon su.

In kin san wannan, za ki gane dalilin kowace dabara da ke cikin waƙoƙin. Amsa-amo guda da ke bin waƙa daga farko har ƙarshe igiya ce da mai hadda ke riƙewa, in baiti ya ɓace mata ƙarshensa zai jawo shi. Amshin da ke dawowa, irin wanda na ji a bakin kakata, wurin hutawa ne, kuma shi ne yaro ke fara kamawa. Tahamisin da Isa ya yi, wato ƙara ɗango uku a kan baiti mai ɗango biyu ya zama biyar, yana buɗe ma'anar da ta dunƙule. Waƙar Tabbat Haƙiƙa kuwa ba ta jin tsoron kowa: tana gargaɗin mai mulkin da ke cin dukiyar talakawa, da alƙalin da ke karɓar rashawa, da mai ƙwace gonar wani, da mai tauye mudu a kasuwa. 'Yar gidan sarauta ce ta sa wannan a bakin talakawa da harshen da suke ji, alhali ɗan'uwanta ne ke kan gadon mulki.

Game da kawunki, kada ki yi musu da shi, kada ki ɗaga masa murya. Ina kyautata zaton abin da yake tsoro shi ne abin da yake gani a wayoyi, kuma tsoronsa na da tushe. Ki bari sai ranar da ya ci abinci ya huta, ki gaishe shi, ki nemi izini ki rera masa ɗaya daga cikin na yabon Manzo, ke da mahaifiyarki a zaune. In ya ba da fuska, ki tuna masa cewa Shehu da kansa ya bar waƙoƙi masu yawa, haka ƙaninsa Abdullahi, haka Bello, kuma a cikin Nurul Albab Shehu ya yi kakkausan suka ga malaman da ke koyar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. In bai ba da fuska ba ranar, ki yi haƙuri, ki ci gaba da gyara aikinki. Shawarata a kan aikin guda ce: kafin ki rubuta baiti ki rera shi sau uku, sannan ki rera wa ƙanwarki. In gobe ta tashi da shi a baki, ki rubuta. In ta manta, baitin ne bai nuna ba.

Gwaggo, ni malamin makaranta ne a Maraɗi. Nana Asma'u Bafulatana ce, a gidan Fulani ta tashi. Me ya sa ake lissafa ta cikin mawaƙan Hausa?

Malam, ai saboda ta yi waƙa da Hausa, kuma da gangan ta yi. Harsuna uku take rubutu da su, kowanne da mutanensa. Larabci na malamai ne, da shi take musayar wasiƙu da baitoci da masana, har da baƙon malami daga Shinƙiɗi, ƙasar Muritaniya ta yau, wanda ta yi wa waƙar maraba. Fulatanci na gida ne da dangi da tsofaffin jama'ar Shehu. Hausa kuwa ta jama'ar gari ce, ita ce mafi yawan mata ke ji.

Ka dubi waƙarta ta sunayen surorin Alƙur'ani. Ta jera surori 114 cikin baiti talatin kacal, yadda mai koyo zai riƙe sunayensu. Ta yi ta da Fulatanci a 1829, ta yi ta da Hausa a 1838, aka kuma samu ta Larabci daga baya. Abu ɗaya, ƙofa uku. Haka waƙar nan ta Tawassuli ga Mata Masu Albarka ta 1837. Bello ne ya rubuta littafin nasiha da Larabci a kan salihan mata, ita kuma ta mayar da shi waƙa. Ta ambaci matan Manzon Allah da 'ya'yansa, da irin su Rabi'atul Adawiyya, sannan ta yi abin da ke burge ni kullum: ta ɗora da matan zamaninta, irin su Joɗa Kawuri da 'Yar Hindu da Habiba, malaman mata da masu sauraro suka sani ido da ido. Macen ƙauye za ta ji sunan maƙwabciyarta a jere ɗaya da waliyyan Basra da Masar.

Akwai kuma Godaben Gaskiya ta 1842, da Roƙon Ruwa wadda ake yi in fari ya matsa. Waƙar Gewaye, mai ba da labarin fafutukar Shehu zango-zango, ita ta tsara ta da Fulatanci, Isa ya juya ta Hausa. Duk da ajami aka rubuta su. A ƙarshen waƙa takan sa ramzi, wato kalmar da in ka haɗa lissafin haruffanta za ta ba ka shekarar hijira da aka gama ta, shi ya sa muka san shekarun da yawa daga ciki.

Ga wata da za ka iya nuna wa ɗalibanka a allo. A 1822, lokacin da abokan gaba suka matso, Bello ya bar baitoci a kan ayar nan ta suratu Alam Nashraha, fa inna ma'al usri yusra. Asma'u ta mayar masa da amsa da Fulatanci, ɗango goma sha huɗu, kowanne ya fara da harafi ɗaya na ayar bi da bi. Ka sa su ƙirga haruffan ayar da kansu, za su tarar goma sha huɗu ne cif.

Gwaggo, wa ke yi mata kiɗa? Kuma ina waƙoƙin suke yanzu? Daga wani ɗalibin jami'a a Katsina.

Ɗana, babu kiɗa. Murya ce kawai, kari na cikin awon baitin, irin yadda ka saba ji a bakin masu rera waƙoƙin wa'azi da na bege. Takarda na riƙe kalmomi, murya kuwa daga baki ake ɗaukar ta.

Takardun sun tsira ne a gidan Waziri. Ɗanta Abdulƙadir ya gaji mahaifinsa a waziranci, sarautar kuma ta zauna a zuriyarsu har zuwa Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997. Shi ya buɗe wa wata Baturiyar Ingila, Jean Boyd, taskarsa. Ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ta fitar da tarihin Asma'u a 1989, sannan ita da Beverly Mack ta Amurka suka tattara ayyukan suka buga su a 1997, da asalin rubutun da fassarar Turanci. Ka nema a ɗakin karatu na jami'arku. Abin da ke damuna shi ne littafin ya fi samuwa a ƙasashen waje fiye da makarantun 'yanmatanmu. Na koyar da Hausa shekara da shekaru, kuma mafi yawan ɗalibaina sun san sunan Nana Asma'u a jikin allon makaranta ko ɗakin kwanan ɗalibai, amma ba su taɓa jin baiti ɗaya nata da kunnensu ba. Ku da kuke jami'a, ga aiki nan: ku ɗauki na'ura ku bi tsofaffin da har yanzu ke da waƙoƙin a ka, ku naɗi muryoyinsu.

Gwaggo, ni uwa ce mai 'ya'ya biyar a Zariya. Abin da na ji na waƙoƙinta duk wa'azi ne da tsoratarwa da wuta. Ba ta da wadda ke taɓa zuciya ne?

'Yar'uwa, tana da su, kuma a ganina nan ne gwanintarta ta fi fitowa. Waƙoƙin tsoratarwa na nan, ba a musu, ta siffanta tsayuwar alƙiyama yadda gaban mutum zai faɗi. Amma ki nemi marsiyyoyinta, waƙoƙin alhinin waɗanda ta rasa. Ta yi tsawon rai, ta binne kusan duk waɗanda suka yi hijira tare: baffanta Abdullahi, ɗan'uwanta Bello, mijinta Giɗaɗo, 'yan'uwanta mata. Larabawa na da Khansa'u da ta yi kukan ɗan'uwanta Sakhru har waƙarta ta zama abin misali. Mu ma muna da tamu.

Da Bello ya rasu a Wurno a 1837, ta kwatanta kanta da ɗan tsakon da uwarsa ta mutu ta bar shi yana kuka. Ki tuna mace ce mai shekara 44, matar Waziri, wadda malamai ke rubuto wa wasiƙa, amma ba ta ji nauyin faɗar haka ba. Kuma mutumin nan ya yi sarautar Musulmi shekara ashirin, shekara guda kafin rasuwarsa ya ci yaƙin Gawakuke, duk da haka ba yaƙe-yaƙensa ta tsaya lissafawa ba. Iliminsa ta ambata, da tausayinsa, da yadda yake taimaka mata a kan kowane al'amari. Ƙanwa ce ke kukan yayanta.

Ba manya kaɗai ta yi wa ba. Ta yi wa wata maƙwabciyarta Halima, wadda ba sarauniya ba ce ba kuma shahararriyar malama ba, ta yabe ta da kirki da haƙuri da riƙon zumunci. Marokan fada sarakuna suke wasawa. Ita kuwa ta ɗauki irin waƙar alhinin da ta yi wa Sarkin Musulmi, ta yi wa matar unguwa.

Wadda ta fi kama ni ita ce ta ƙawarta A'isha, matar Bello, wadda suka taso tare tun ƙuruciya. Ta yi mata marsiyya har biyu a 1855. A ciki tana cewa hawaye ba laifi ba ne, tunda Manzon Allah bai hana su ba, kururuwa ya hana. Shekara uku da suka wuce na rasa ƙawata ta tun firamare, wadda muka yi kwaleji tare, muka yi aure a shekara ɗaya. Masu gaisuwa kowa na cewa a yi haƙuri, ni kuwa in na ji hawaye na zuwa sai in tashi in shiga ɗaki, kamar na yi abin kunya. A daren sadakar uku na ɗauko littafin na buɗe wannan waƙa. Na karanta ta a bayyane, ni kaɗai, a bakin gado, fitila a gefe. Na yi kuka iya kukana, sannan na yi alwala na yi mata addu'a, na samu barci karo na farko tun rasuwar.

Ta kuma yi wa ɗaya daga cikin jajinta, Hauwa'u. Ba ta ce Hauwa'u ta rubuta littafi ba, ba ta ce 'yar wane ba ce. Ta ce da bazara da damina da kaka da hunturu, Hauwa'u na kan hanya tana kawo mata mutane. Ta roƙa mata gafara, ta kuma roƙa wa matan da ke biyo ta, tsofaffinsu da yaransu.

Ki sa babbar 'yarki ta nemo miki ta Halima. Ta karanta miki da daddare bayan yara sun kwanta.